Kwanon Maƙwabciyata 'Yar Koriya

A duk zaman da muka yi a Greensboro, mutum ɗaya ce take buga mana ƙofa ba don gyaran famfo ko wa'azin coci ba. Wata tsohuwa ce 'yar Koriya da ke zaune a hawan ƙasa, daidai ƙarƙashin ɗakinmu, ita da ɗanta da matar ɗan. Gajeriya ce, kanta ya yi fari fat, in tana tafiya tana ɗan jan ƙafa ɗaya. Ni ina ce mata Mama, ita tana ce min Afirka. Na gyara mata har na gaji. In na ce Najeriya sai ta gyaɗa kai, gobe ta dawo da Afirkarta. Daga baya na ƙyale ta, don a lokacin ba ni da ƙarfin yin faɗa a kan suna.

Tsakiyar shekarun casa'in ne. Malam, maigidana, ya ajiye koyarwa a Zariya ya zo neman digirin dakta, ni kuma na biyo shi da takardar malanta wadda ba ta tsinana min komai ba a ƙasar mutane. Aikin da na samu a wani ƙaton sito ne a titin Wendover, muna cusa safa a kwali tun safe har la'asar, a tsaye ƙiƙam. Sai na shiga bas na sauka a tashar cikin gari na canza wata, haka nan in zan dawo. Kafin na iso gida ƙafafuna sun kumbura sun fi ƙarfin takalmi, Malam yana can laburare, gidan tsit sai kukan firiji. Hausawan garin ba su da yawa a lokacin, kowa kuma yana ta kansa, sai Sallah ko suna ake ganin juna. Ni da na tashi a gidan da ƙofa ba ta rufuwa sai za a kwanta, sai ga ni ina wuni ina kwana ba wanda ya leƙo ya ce min sannu. Wannan ya fi ciwon ƙafar damuna.

Ƙaramar Sallar farko da ta same ni a can, na tashi na soya masa a kaskon ƙarfen da na ɗauko daga gida, na yi miyar taushe da kabewar Turawa. Na ce a kai wa maƙwabta. Malam ya ce, "Nan fa ba Zariya ba ce." Na ce Sallah dai Sallah ce, na ɗauki farantai na fita. Baturen da ke fuskantar ƙofarmu ya buɗe iya tsawon sarƙa, ya kalli masar, ya kalle ni, ya ce ya gode, ba ya buƙata. Wata mata ta karɓa da murmushi, washegari na tarar da farantina a bakin ƙofa, wankakke, ba komai a kai, ko bugu ba ta yi ba. Tsohuwar hawan ƙasa ce kaɗai ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna, ta yi ta magana da yarensu ni ina ta cewa to, to.

Washegari da yamma aka buga ƙofa. Na buɗe na gan ta tana haki saboda hawan bene, riƙe da farantina, a kansa kuma wani kwano mai nauyi ruwan tagulla da murfinsa. Abin da ta kawo mai ruwa-ruwa ne, faranti ba zai riƙe shi ba, shi ya sa ta zubo a kwanonta. Ta ɗaga murfin, wani wari ya daki hancina har na ja baya. Kabeji ne ja wur da barkono. Ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kimci." Ta buga ƙirjinta ta ce, "Koriya."

Da Malam ya dawo ya buɗe firiji ya ce, "Subhanallahi, me ya mutu a nan?" Ni ma ban yarda na ci ba sai da na sauka na tambaya. Turancin Mama bai fi cikin cokali ba, don haka na tsaya a ƙofarta ina kwaikwayon alade da hancina kamar wata taɓaɓɓiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ja ni kicin ta jera min kayan haɗin a kan tebur: gishiri, tafarnuwa, citta, garin barkono, da wasu ƙananan jatan lande a kwalba. Alade babu, giya babu. Tun daga ranar ta ware tukunya guda don ni, ta rataye ta daban. Na hau sama na ɗanɗana. Tsami, yaji, gishiri, kamar abin da ya kwana ya juya. Na yamutsa fuska, amma na tuna ni mai girki da daddawa ce, ba ni da bakin kushe warin abincin wasu.

To, sai maganar kwano ta taso. A gidanmu ba a mayar da kwanon mutane wayam. Ko ashana ce, ko guntun sabulu, ko 'yan dunƙulen magi, sai an jefa wani abu a ciki. Innata in ta hango yarinya ta ɗauki kwano za ta mayar haka nan, daga tsakar gida za ta kwala mata kira. Sai na wanke kwanon Mama, na saka kwalin ashana da magi, na kai mata. Ta buɗe, ta kalli ashanar, ta ɗago ta kalle ni da wani irin tausayi. Kafin magariba sai ga ta a sama, ta dawo min da ashanata, kwanon kuma cike da shinkafa da soyayyen kifi, tana shafa min hannu. Ashe ta ɗauka roƙo na zo yi, cewa ba mu da abin da za mu ɗora a wuta. Wallahi kunya ta kama ni har cikin kunnena. Ni za a yi wa kallon mayunwaciya? Lahadi na zagayowa na ɗora tukunya, na yi dafa-duka da naman kaza, na cika kwanon har murfi yana ɗagawa.

Daga nan kwanon bai sake hutawa ba. In ya sauka da nawa, bayan kwana kaɗan ya hau da nata. Ni a raina cewa nake tsohuwar nan mai kyauta ce fiye da kima, kullum sai ta ƙirƙiro sabuwa, ni kuwa ba yadda zan yi sai na mayar. Amma ba zan ɓoye ba, bugun ƙofar nan nake jira. In ta hau sai ta zauna a bakin kujera ta huta, ta leƙa tukwanena, ta taɓa zanen da na ɗaura ta ce mai kyau. Ba ma wata hira, don ba mu da harshen yin ta. Zama ne kawai, da nuni, da dariya.

'Yan kalmomin Turancin da take da su kusan duk na kimci ne. Takan ce tun da aka yi wasannin Olamfik a ƙasarsu baƙi suka ɗanɗana suka koma gida da labari, yanzu duniya ta waye. "Koriya, namba wan," in ji ta, tana ɗaga babban yatsa. "Duniya duka, kimci." Ranar da aka nuna wata Baturiya tana haɗa shi a talabijin, da sandar mopa ta goge ƙasa ta dinga dukan silin ɗinta har na ɗauka gobara ce. Na sauko a guje ba ɗankwali. Na same ta tsaye a gaban akwatin tana tafi, idonta har da ƙwalla. Ba a jima ba Baturiyar ta zuba sukari da yawa ta rage barkono, sai tafin ya koma masifa. Mama ta dinga yi wa talabijin faɗa da yarensu har aka gama shirin. Haka take da wanda ake sayarwa a kwalba a shagunan High Point Road. In ta ga baƙo ya ɗauka ta ji daɗi, in an miƙa mata ta ce na inji ne, ba hannu a ciki. 'Yan Jafan kuwa kada ma a ambace su, a cewarta sun kwaikwayi abin mutane ba su iya ba, suna kuma sayar wa duniya.

A irin wannan zaman ne wata rana ta juyo ta ce min, "Afirka, abinci, wa ya sani?"

Wataƙila tambaya ce kawai. Ni dai ta soke ni. Ban taɓa ganin wata Baturiya tana tuƙa tuwo a talabijin ba. A shekarun nan in an ambaci Najeriya a labarai, ko dai sojoji ne ko 'yan damfara. A wajen aiki ma da zarar na faɗi ƙasata sai a ɗan yi shiru. Ga tsohuwa ƙasarta tana tashe a duniya har kabejinta ya yi suna, ni kuwa tawa sai dai na sunkuyar da kai. Na hau bene ina cewa a raina, za ki san Afirka, Mama.

Nan na sa kaina a wahala. Lahadi ce kaɗai ranar hutuna, na mayar da ita ranar kare mutuncin Najeriya. Na yi dambun shinkafa da busasshen zogalen da wani ɗalibi ya kawo mana daga gida. Na yi sinasir. Na buɗe ƙullin daddawar da Inna ta aiko, wadda nake tattali kamar magani, na kaɗa miyar kuka da man shanu. Ranar da na ce sai na yi dambun nama kuwa, tabɗi! Ba turmi, da gindin kwalba na dinga dukan nama a kan katako har kafaɗata ta riƙe, washegari da ƙyar nake ɗaga kwali a sito. Alkaki ya ƙi ni sau biyu, na zubar ina zage-zage. Ita ma ba ta zauna ba. Kimcin kabeji, na wani farin tushe mai kama da rogo, na kokwamba, taliyarsu mai sheƙi, wata waina mai albasa. Kullum da sabon abu, kullum sai ta tsaya ta ga na kai baki.

Malam ya gaji da ni. Ya ce, "Wai ke jakadiyar Najeriya aka naɗa ki ban sani ba? Ki wanke kwanon nan ki miƙa mata, ki kwanta ki huta."

Na ce, "Malam, ka taɓa ganin Hajiyarku ta mayar da kwano wayam?"

Ya ce, "Hajiya ba ta tsayuwar sito."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Shi kuma duk surutunsa, shi ne ya gano cewa kimci yana tafiya da shinkafa da wake da mai da yaji. Tun muna ci don kada a yi asara har muka koma in babu sai abincin ya yi mana lami.

Wata Lahadi da rana na jiƙa shinkafar masa, ina tsaye ina gyangyaɗi a kicin, sai na ji mopa a silin. Na sauka na tarar da ɗakin cike da tsofaffin mata 'yan cocinsu, zaune a ƙasa sun kewaye ɗan gajeren tebur. Mama ta zaunar da ni a tsakiya, ta ajiye kimci a gabana, ta ba ni cokali tunda ban iya tsinkayen cin abincinsu ba. Kowa ya zuba min ido. Na ɗiba na ci. Ɗaki ya kaure da tafi, wata har da dukan cinya. Mama ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta a Koriya, duk tsadar kiran waje a lokacin, tana ɗaga murya, abin da nake tsinta kawai shi ne Afirka da kimci. Wato ni ce shaidar cewa abincinsu ya ci duniya. Raina ya ɓaci, na ce yau na zama abin kallo. Ina shirin miƙewa sai idonta ya sauka a ƙafafuna. Ta ajiye wayar, ta kawo roba da ruwan zafi da gishiri, ta durƙusa da wannan gwiwar tata mai ciwo, ta kama ƙafata ta tsoma. Na ce Mama bari, bari, ta doke min hannu. Tun da na bar gida ba wanda ya taɓa min ƙafa sai ranar. Na sunkuyar da kai don kada tsofaffin su ga idona.

Ni ma fa ba a bar ni a baya ba. A wani suna da aka yi, na cika mata da labarin cewa ina da 'yar Koriya da ke sharce kwanon miyar kuka da yatsa. Aka yi ta mamaki, wata Anti 'yar Jos ta ce ai abincinmu in da za a tallata shi da ya fi na kowa. Na dawo gida ina jin kaina.

Haka muka ci shekara da wani abu. Lokacin sanyi na shigowa na ga yadda ake yin kimcin shekara. Mama ta cika bahon wankansu da kabeji da gishiri, ta tsuguna tana shafa wa kowane ganye jan haɗin nan da hannu. Ta ce a garinsu matan unguwa ne ke taruwa su yi tare, gida-gida. A nan ita kaɗai ce, sai ni da na tsuguna na taya ta har bayana ya ƙage. Da za ta miƙe sai da ta dafa bango, ta tsaya jim idonta a rufe. Na lura, amma na ɗauka tsufa ne kawai.

Matar ɗanta ce ta tare ni a ɗakin wankin gidan hayar, ina jiran inji ya gama juyi. Yarinya ce mai sanyin hali, tana taya mijinta a shagonsu na gashin kanti da man shafawa, Turancinta kuma ya fi nawa. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. Ranar ta tsaya tana murza hannu, ta ce tana da magana, in yi haƙuri.

Ta ce surukarta tana da hawan jini, ya yi tsanani. Likita ya hana ta gishiri da mai, ya hana ta doguwar tsayuwa da tsuguno. Ta daɗe da daina cin kimci, su ma a gidan na kwalba suke saye a ɓoye su juye a roba. Duk wanda take yi yanzu, don ni take yi.

Na ce, "To ai sai ta daina. Ni ban roƙe ta ba. Ita ce kullum take kawowa, ni mayarwa kawai nake."

Ta kalle ni da mamaki. Ta ce, "Ita ma abin da take faɗa ke nan. Ta ce ke ce kullum kike kawowa. A wajenmu ba a mayar da kwano ba komai a ciki, abin kunya ne babba."

Na zauna a kan bencin wankin. Dariya ta zo min, na yi ta har da hawaye, yarinyar tana kallona. Shekara guda da ɗoriya mata biyu suna kashe kansu, kowace tana jiran ɗayar ta gaji. Na ce mata ai mu ma haka ne, ko ashana sai mun saka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai saura. Duk abin da na kai, Mama ita kaɗai take cinyewa tas, don ta ga yunwar yaƙi tana yarinya, ba ta zubar da abinci, kuma ba ta yarda a ce kyautar maƙwabciya ta yi kwantai. Man shanun nan, da magin, da soyayyen naman, duk a cikinta suke ƙarewa. In ta ci sai ta wuni a kwance kanta yana sarawa.

Na daina dariya. Na ce to a gaya mata gaskiya mana. Ta ce mijinta ya yi magana har ya gaji. Amsar Mama ita ce ba za ta bari a koma Afirka a ce 'yan Koriya marowata ba ne. Na ce zan riƙa saka lemo ko tuffa. Ta ce ko me na saka, girki za ta rama da shi. Na ce to in riƙe kwanon. Ta ce da shi aka kai Mama ɗakin miji, za ta hau ta karɓa, kuma ba za ta hau hannu rabbana ba. Hanya ɗaya ce, in mayar da shi wayam. In ta tambaye ni kuma kada in yabi abincin, don yabo ɗaya ya isa ya mayar da ita gaban baho. Sannan don Allah kada Mama ta san mun yi wannan maganar, in ta sani gidan ba zai zaunu ba.

Na ce, "Kin san abin da kike nema kuwa? Zagi ne fa. A wajenku zagi ne, a wajenmu ma zagi ne."

Ta ce ta sani. Ta ce gara surukarta ta yi fushi da ni tana raye.

Na kwashe wankina ban ko ninke ba na hau sama. Haushi nake ji, na yarinyar, na likitan, na Malam da ya ce ai dama ya faɗa. Na ce masa ya rufa min baki. Kwanon yana wajena a lokacin, na wanke shi na ɗora a kan firiji. Lahadi ta zo ban ɗora tukunya ba, ban kuma sauka ba. Wata Lahadin ma haka. Na ce bari in yi ta ja, wataƙila abin ya mutu da kansa. Mopa ta daki silin, na yi kamar ba na nan, ina zaune ina jin ta.

Ran nan na dawo daga aiki na same ta a tsakiyar bene. Ta zauna a kan matakala, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen dafawa, ɗayan rungume da robar ayis kirim. Fuskarta ta yi ja, numfashinta yana fita da ƙyar. Da ta gan ni ta washe baki ta miƙo robar. Tunda kwano bai sauko ba, ta ɗauka ba ni da lafiya, ta dafo min miyar kaza. Na kama ta na mayar da ita ɗakinta. Daga nan na san ja ba zai yi ba.

Washegari da yamma na sauko da kwanon. Na sake wanke shi duk da a wanke yake, na goge shi har yana ɗaukar ido, na rufe. Na haɗa da robar, ita ma wankakkiya. Ban taɓa sanin kwanon nan ba shi da wani nauyi ba sai ranar. A kan bene na tsaya sau biyu kamar in koma in jefa ko dabino ne.

Ta buɗe da fara'arta, ta karɓa da hannu biyu kamar kullum. Tun kafin ta ɗaga murfin na ga hannunta ya gane. Ta ɗaga duk da haka. Ta kalli cikin kwanon, ta kalle ni.

Ta ce, "Ciwo?"

Na ce, "A'a, Mama. Lafiyata ƙalau."

Ta nuna sama, wajen ɗakinmu. "Miji, faɗa?"

Na ce a'a.

Ina jin talabijin yana magana a cikin ɗakin, ina jin motoci a titi. Sai ta rage murya, ta tambayi abin da nake tsoro.

"Kimci, ba daɗi?"

Da rana na ci shi, da shinkafa, a tsaye a bayan sito, har na sharce robar. Bakina ya cika da maganar. Na hango matar ɗan a bayanta, tsaye a ƙofar kicin, ta ƙura min ido. Na kalli ƙasa. Na ce, "Ya ishe ni haka, Mama. Na gode."

Ban san iya abin da ta fahimta a Turancin ba, amma ta fahimci isasshe. Ta mayar da murfin a hankali. Ta gyara tsayuwa, ta haɗe ƙafafu, ta rusuna min sosai, irin rusunawar da na ga tana yi wa mai karɓar haya. Ta rufe ƙofar ba tare da ƙara ba.

Na hau sama na zauna a bakin gado da takalmina a ƙafa. Malam ya dawo ya tarar da ni haka.

Bayan 'yan kwanaki na gwada sauka hannu wayam, in zauna kawai kamar da. Ta buɗe, ta gaishe ni da ladabi, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran in faɗi abin da ya kawo ni. Ba ni da kalmar da zan faɗa wadda za ta ji. Muka tsaya muna kallon juna, na ce sai an jima.

Wajen bazara matar ɗan ta same ni a ɗakin wanki, ta ce jinin ya sauka, likita ya ji daɗi, ta kama hannuna tana godiya. Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Ta ce Mama ta daina zancen kimci da baƙi, ko an nuna a talabijin sai ta canza tasha.

Lahadina ta dawo hannuna. Na yi barci, kumburin ƙafata ya ɗan sauka, kafaɗata ta saki. Mun ƙara fiye da shekara a gidan kafin Malam ya gama karatu, ina jin motsinta a ƙasana safe da yamma, jan ƙafarta, tarinta, ƙarar famfonta. Ba wanda ya sake buga mana ƙofa.